Ta yaya Sparta ta zauna da sarki biyu lokaci guda?

Ɗalibar Tarihi:
Salamu alaikum. Jiya da daddare ina bitar darasin tsohuwar Girka da fitilar waya, sai na ci karo da cewa Sparta sarki biyu gare ta lokaci guda, daga gidajen sarauta biyu, har ɗaruruwan shekaru. Mu dai mun taso muna jin ba a sarki biyu a gari ɗaya. To in yaƙi ya taso, wa ke ba da umarni? Abin ya tsaya mini a rai.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. A da, tare suke fita. Wajen shekara ta 506 kafin Miladiyya, sarakunan Sparta biyu, Kiliyominis da Dimaratus, suka ja runduna za su yaƙi birnin Atina. Da aka isa garin Ilusis kusa da Atina sai Korintawa, abokan yaƙin Sparta, suka janye, Dimaratus ya bi bayansu, rundunar ta watse ba a ko gwabza ba. Daga nan aka kafa doka: ɗaya ya fita, ɗaya ya tsare gida. Shi ya sa a 480 kafin Miladiyya Liyonidas ne kaɗai sarkin da ya tare Farisawa a mashigar Tamofili da zaratansa 300, ya mutu a wurin. A fagen fama maganar sarki ita ce magana, amma wakilan gari biyu na biye da shi, idonsu a kansa.

Ɗan Tsakuwa:
Malam ya gama magana kan yaƙi, amma ni zaman gida ya fi ba ni mamaki. Waɗannan wakilai, efo ake kiransu, gaba ɗaya su biyar ne, kowace shekara ake zaɓen sabbi. Duk wata sarki zai rantse musu zai bi doka, su kuma su rantse ba za su taɓa sarautarsa ba muddin ya cika alkawari. In sarki ya shigo kowa miƙewa yake, ban da su. A majalisar dattawa mai mutum 30 kuwa, sarakunan kujera biyu kawai gare su.

Dubi Sarki Agis. Ya dawo daga yaƙi da nasara, ya so ya ci abinci da matarsa a gida, ya aika a kawo masa kasonsa daga ɗakin cin abincin mayaƙa. Aka ce sam. Ya yi fushi, washegari ya ƙi yin yankan da al'ada ta ɗora masa, aka ci shi tara.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Wannan na Agis ya taɓa ni ƙwarai. Mutum ya kwashe watanni a daji, cin abinci ɗaya da iyalinsa ya gagara! To in sarki ya rasu fa?

Tsohon Malami:
Nan ne ake ganin girmansa. Mahaya su bazu cikin ƙasa da labari, mata su zaga gari suna buga tukwane, kowane gida mace ɗaya da namiji ɗaya su shiga makoki. Bayan an binne shi, kwana 10 ba a zaman majalisa.