Neman Shawara: Na Sauke Fentin Jirage Amma Sun Ƙi Fitowa

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ko wata biyu ban cika ba da saka wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft Flight Simulator na 2020 a kwamfutata. Jirgin da raina ya fi kwanciya da shi A320neo ne, sai aka ba ni shawara in sauke na FlyByWire, wanda ake kira A32NX, tunda kyauta ne kuma maɓallan ɗakin matuƙinsa sun fi na asali aiki. Na sauke, yana tashi lafiya lau.

A wajen fenti ne aka samu tangarɗa. Na shiga shafin flightsim.to na kwaso fentin kamfanoni goma sha biyar, har da Lufthansa da easyJet da Ethiopian, na juye su duka a foldar Community, inda ake zuba ƙarin kayan wasan. Huɗu kaɗai suka fito. A cikin huɗun ma, biyu a kan A320 ɗin da ya zo da wasan suka hau, ba a kan A32NX ba, ɗaya kuma injinansa sun zama ruwan hoda. Ga shi yanzu wasan sai ya daɗe kafin ya buɗe. Kwamfutar ce ta gaza, ko kuwa in sayi jirgin kuɗi in huta? A taimaka mini.

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka ƙalau take, kuma kada ka sayi komai tukuna.

Fara da goma sha ɗayan da suka ɓace. Buɗe foldar ɗaya daga cikinsu. Idan ka ga fayiloli biyu, manifest.json da layout.json, tare da foldar SimObjects, to ta zauna daidai. Idan kuwa wata folda ka tarar a ciki, sai ka sake buɗe ta kafin ka ga waɗannan fayilolin, nan ne ɓarnar take. Wasan ba ya tonawa ciki. Yana leƙa ƙofar farko ne, bai ga manifest.json ba, ya wuce abinsa. Yawanci wajen kwance fayil ɗin zif ake samun folda cikin folda. Ka ciro ta cikin ka ajiye ta kai tsaye a Community. Ka duba kuma ko akwai wanda ka jefa da zif ɗinsa ba ka kwance ba, ni kaina na taɓa yin haka, na kwana ina zargin na'ura.

Sai biyun da suka hau wancan jirgin. Fenti kamar ɗinki yake, da awon mutum ɗaya ake yankawa. A320neo na Asobo, wato kamfanin da ya ƙera wasan, da A32NX kamarsu ɗaya a ido, amma a wajen wasan jirage biyu ne daban tun da FlyByWire suka ware nasu ya tsaya da ƙafarsa a 2021. A cikin kowane fenti akwai fayil mai suna aircraft.cfg, a ciki akwai layin base_container, shi ke faɗin jirgin da aka ɗinka wa rigar. Idan Asobo_A320_NEO aka rubuta, ba na A32NX ba ne. Kafin ka sauke komai, karanta bayanin mai fentin, yana faɗin jirgin da ya yi wa.

Ɗan Boeing:
Abin da ya sa nake nan manne da X-Plane, wani wasan tuƙin jirgi na dabam, ke nan. A Zibo 737-800, wanda shi ma kyauta ne, sai ka buɗe foldar jirgin, ka jefa fentin a cikin liveries, shi ke nan, an gama. Babu manifest babu layout.

Tsohon Matuƙi:
Malam, yaro ya zo da ciwon kai kana ba shi maganin ƙafa. Kuma ko a can ɗin folda cikin folda tana kama mutane.

Mai Goga:
Ni fenti nake yi wa jirage, bari in ɗan yi bayani kan ruwan hodar nan. Idan ka ga wani sashe ya koma wannan launi, wasan ne ke gaya maka ya nemi hoton da zai lulluɓe wurin bai samu ba. Jikin jirgi ba hoto ɗaya ba ne. Gangar jiki da nata, fukafukai da nasu, injina da nasu. Mai fenti yakan zana gangar jiki da jela, sauran kuma ya bar su su aro daga jirgin asali ta wani ƙaramin fayil, texture.cfg. Idan masu jirgin suka sabunta shi suka sauya sunan wani hoto, fentin da aka yi tun bara sai ya miƙa hannu ya tarar ba kowa. Don haka duba ranar da aka sabunta fentin na ƙarshe, ka kuma karanta abin da waɗanda suka sauke kwanan nan suka ce. Wasu za su ce ka gyara layin base_container da hannunka. Yana iya sa fentin ya fito, amma ba ya gyara awo, sai ka ga tambari ya karkace ko wani wuri ya zama fari fat. Neman wanda aka yi wa A32NX tun asali ya fi sauƙi.

Batun nauyi kuma, na tabbata 8K ka riƙa zaɓa don ka ga lambar ta fi girma. Hoton 8K faɗinsa 8192 ne, na 4K kuma 4096, wato ninki huɗu ne a yawan ɗigo, ba ninki biyu ba. Duk wannan a ma'ajiyar katin hoto yake zama. Kai kuma kusan duk tafiyar a ɗakin matuƙi kake zaune, ba ka ma ganin bayan jirgin sai lokacin ɗaukar hoto. Ɗauki 4K. Sannan duk abin da ke cikin Community sai wasan ya bi ta kansa kafin ya buɗe. Akwai manhaja ta kyauta, MSFS Addons Linker, da za ka ajiye kayanka a wani wuri dabam ka riƙa kunna wanda za ka tashi da shi kawai.

Mai Bin Ƙa'ida:
Tunda an gama da gyara, ni ga nawa ƙorafin. Ethiopian a kan A320neo? Su a wannan ajin Boeing 737 suke tashi da shi, wannan fentin ƙirƙira ce. Lufthansa kuwa gaskiya ne suna da shi, su ne ma suka fara karɓar A320neo a Janairun 2016, amma nasu injin Pratt & Whitney ne, shi kuwa A32NX injin CFM LEAP-1A aka yi masa. A cikin ukun da ka lissafa easyJet ne kaɗai ya dace ciki da waje. Kuma ka lura Lufthansa fenti biyu gare su: tsohon mai rawayar da'ira a jela, da sabon da suka fito da shi a 2018 mai shuɗi mai duhu.

Mai Goga:
Yallaɓai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni na taɓa zana Pan Am a kan A320neo, kamfanin da ya rufe tun Disambar 1991, kuma ba wanda ya mutu. Abin da kawai nake so masu fenti su riƙa yi shi ne su rubuta cewa na ƙirƙira ne, kada sabon shiga ya ɗauka haka yake a zahiri.

Uwar Ɗakin Hasumiya:
Ba wanda ya amsa masa zancen jirgin kuɗi. Ƙanena, Fenix A320 da PMDG 737 jirage ne masu kyau ƙwarai, amma sayensu ba zai warware maka wannan ba, don su ma kowanne da nasa awon. Fenix ma tsohon samfurin A320 ne, ba neo ba, fentin da ka tara ko ɗaya ba zai hau shi ba. Sauƙinsu dai kowanne yana da manhajarsa da ke saka maka fenti. Ni dai a ganina ka zauna a kan A32NX har ka iya tayar da shi daga a kashe, ka shigar da hanya a kwamfutar jirgin, ka sauka da ILS, wato siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, ba tare da ka buɗe bidiyo ba. Wannan kaɗai zai ci maka watanni.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: fenti hotuna ne da 'yan fayilolin rubutu. Duk wanda ya turo maka fenti, ko jirgin kuɗi wai a kyauta, ka ga fayil mai ƙarewa da .exe daga wurin da ba ka sani ba, kada ka taɓa shi.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba, tara folda cikin folda ne, biyu kuma ban ma kwance zif ɗinsu ba, kunya ta ishe ni. Yanzu duk sun fito, sai dai shida a cikinsu na Asobo ne, na goge su tare da mai ruwan hodar. Na sake sauke easyJet a 4K, da shi na tashi daga Gatwick zuwa Janiba ɗazu. Ethiopian ɗin dai na bar shi, Yallaɓai ya yi haƙuri, jelar nan tana burge ni. Saukar ce ta zo da ƙarfi, jirgin ya yi tsalle sau biyu kafin ya zauna. Yaya, a wane tsayi kike fara ɗaga hanci?