Baitocin arba'in ɗin Baba Maɗori

Jikan Baba:
Salamu alaikum. Yau kwana arba'in da rasuwar kakanmu, duk wanda hannun Baba ya taɓa shi ya sa nasa baitin, ni ga nawa

Baba Maɗori ya amsa kira,
Allah ya jiƙansa, ya bar duniya.
Hannu mai sanyi, kara da tsumma,
Da man shanu yake ɗora karaya.
Tsakar dare ka buga masa ƙofa,
Zai fito da fitila, ba ya tambaya.

Ɗan Acaɓa:
Amin. Amma taubashi ka ɓoye wani abu, bari in cike maka

Ranar Alhamis na taso Maigatari,
Babur ya kayar da ni a kan hanya.
Baba ya ja ƙafar, na kira sunan inna,
Ya ce daure yaro, ɗori sai da wuya.
Jikansa na gefe riƙe da kwano,
Da ganin jini ya zube kamar tunkiya.

Jikan Baba:
Gara tunkiya da mai ihun da
Ya kori kaji har bayan rijiya.
Tiya biyu ta gero ka ce za ka kawo,
Har Baba ya rasu babu ko ƙwaya.

Uwar Biyu:
Hhhh wallahi Jika ka gama da shi, jini ba ya ƙarya. Ɗan Acaɓa je ka auno geron mutane kawai

Malam Na Gumel:
Allah ya gafarta wa Baba. Amma yara kun riƙe amsa-amo kun saki kari. Ɗan Acaɓa, "Baba ya ja ƙafar, na kira sunan inna" gaɓa 13 ne, ɗangon da ke samansa 11, wannan baiti ɗingishi yake.

Ɗan Acaɓa:
Allah gafarta Malam ai mai baitin ma ɗingishi yake har yau

Uwar Biyu:
Malam kullum kai sai aruli, ilimin auna waƙa, Halilu ɗan Ahmad a Basra ya tsara abinsa don waƙar Larabawa, mu nan rerawa muke in ta hau baki shikenan

Malam Na Gumel:
Hajiya malaman jihadi da wane ma'auni suka yi waƙoƙinsu na Hausa? Kuma kin yabi Jika don ɗan ƙanwarki ne, shi ma "ihun da" ya bar shi a rataye a ƙarshen ɗango

Kafin a ce waƙa sai an auna,
Buhun da ba awo ba ya shiga kasuwa.

Jikan Baba:
Malam ka karya amsa-amo da kanka, muna "ya" ka tafi "wa"!

Ɗalibi Daga Dutse:
Ku bar faɗan nan. Ni abin da ke raina, a Amurka masu gyaran ƙashin baya da hannu sana'a ce mai makaranta da lasisi, wani Palmer ya fara ta a 1895 a jihar Iowa, mu kuwa Baba yana kwantar da manomi kan tabarma bayan huɗa ya danna masa baya har ka ji ƙas, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya

Ɗan Acaɓa:
Ɗalibi ka zo da Amurka da shekara,
Baiti muke nema, ina naka ɗaya?

Autar Baba:
Ku yi haƙuri sai yanzu na samu caji, yara sun sa ni kuka da dariya. Ban iya waƙa ba Malam kar ka ƙirga min

In ƙashi ya huda fata ba ya taɓawa,
Sai ya ce Dala, asibitin ƙashi, ku kama hanya.
Kuɗin motar ma daga aljihunsa,
Ya dawo ya ci tuwo da mu kwano ɗaya.
Marayu huɗu ya riƙe a gidanmu,
Sai da na girma na san waye maraya.

Malam Na Gumel:
Ba zan ƙirga ba Auta. Allah ya sa Aljanna makoma.

Uwar Biyu:
Yau Malam ya ajiye mudu

Ɗan Acaɓa:
Auta ki faɗa wa Inna ranar Juma'a bayan masallaci zan shigo da geron, tiya uku. Jika kar ka riƙe kwanon