Neman kalma: me za mu kira subwoofer da Hausa?

Mai tambaya daga Ringim: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan zauna da yaran shagonmu da wasu magidanta a kan yadda mutum zai gyara sautin rediyon ɗakinsa ba tare da ya ci bashi ba, kuma gobe zan kai takardar a buga. Abin da ya tsaya mini shi ne akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri zalla, na wajen hertz 100 zuwa ƙasa (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Shi ne kan darasin. Ina ganin mutum ya sayar da tsohon saitinsa mai lafiya don ya ga wat 5,000 a jikin kwali, alhali wannan akwati ɗaya ya rage masa.

Mai gyara a Gujungu: Wufa muke cewa, kowa ya sani. Kuma Malam, ka gaya musu lambar kwali PMPO ce, wato ƙololuwar ƙarfin saiti na ɗan ƙiftawar ido, ta talla. RMS za su duba, wato ƙarfin da saiti ke iya bayarwa a ɗore. Ko ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti. Sai ka ninka shi sau goma kunne zai ji ƙara ta ninku.

Malamin Hausa: Wufa ba Hausa ba ce, kasala ce. A ce tambarin sauti. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ana kaɗa tambari ya san inda yake dukan mutum.

Ɗaliba daga Dutse: Allah ya gafarta Malam, yau in ka ce tambari, yara hatimin kamfani za su ɗauka. Me zai hana lasifikar rugugi?

Malamin Hausa: Rugugi na hadari ne, 'yata. Tambari kuwa da martabarsa. Mu da muka haifi yanar gizo da na'ura mai ƙwaƙwalwa, akwatin katako ne zai gagare mu?

Mai gyara a Gujungu: To lasifikar fa, daga ina ta zo? Ga amsa-kuwwa nan, wa ke faɗarta in ya zo gyara? Shekara nawa ina riƙe da dalma, ban taɓa jin ta a shago ba.

Malamin Hausa: Saboda kun bar kasuwar Sabon Gari tana raɗa muku suna. Harshe ba a bakin ɗan tireda yake ba.

Mai gyara a Gujungu: Ɗan tiredan ma Bahaushe ne, Malam. Nonon da ka sha shi ya sha.

Ɗaliba daga Dutse: Don Allah a yi haƙuri, bawan Allah gobe zai buga takarda.

Mai tambaya daga Ringim: Na gode. Zan rubuta "wufa, wato lasifikar rugugi" a farko, daga nan in ci gaba da wufa. Tambari zan kawo shi misali in ina bayani da baki.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma takardarka ce. Aƙalla kada ka rubuta ta da harafin Turanci.

Mai gyara a Gujungu: Ka ƙara musu wannan: kafin su sayi komai, su matsar da lasifikar da suke da ita kusurwar ɗaki, bango zai ƙara mata kauri kyauta. Kuma kada su jona lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga lantarki) a amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da aka rubuta mata 8, zafi amfilifayar za ta ɗauka.