Kano zuwa Rano da Tiga a kan keke: tubles ko tiyub?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Disamba nake son in yi tafiyar kwana biyu. Ranar farko daga Kano in bi ta Karfi da Bunkure in kwana a Rano, washegari in ratsa ta Rurum zuwa Tiga, in dawo ta hanyoyin burji na gefen magudanan ruwan Kadawa in ɓullo Kura. Keken na gwanjo ne, taya 700x35 mai tiyub, giya tara a baya. Kuɗin hannuna ba za su kai in sauya keke ba. Abu ɗaya nake tambaya: in mayar da tayoyin tubles, wato marasa tiyub, kafin tafiyar, ko in bar su haka in ɗauki tiyub na ko-ta-kwana?

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam. Ka nemi keken hawan dutse mai taya 29 kawai ka huta. Wannan siririyar tayar ba ta yashi ba ce.

Na Kadawa: Ya ce ba shi da kuɗin wani keke, ɗan'uwa. Kuma 35 za ta yi. A Disamba burjin gefen magudanai a bushe yake, ya daddage saboda motocin da ke kwasar amfanin gona. Yashi sai a mararraba da inda shanu ke sauka shan ruwa, nan ka sassauta kan keken, ka sauko giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, kada ka taɓa birkin gaba. Abin da zai wahalar da kai tsidau ne da ƙayar bagaruwa. Bi tsakiyar hanya inda tayar mota ta share, kada ka rakuɓe gefe. Idan ka tsaya hutawa a gindin bishiya, ɗaga keken ka kai shi, kada ka gara shi, a nan yawancin hudar ke samuwa. Iska kuma, idan nauyinka bai wuce kilo 70 zuwa 75 ba, PSI 45 a baya, 40 a gaba. Mai faci zai so ya kai maka 60, a kan gargada sai hannuwanka sun mutu.

Mai Sifana: Kafin maganar tubles, juya tayar ka karanta lambar da ke jiki, za ka ga 35-622. Wannan 622 ɗin shi ne faɗin da'irar wilin a milimita. Idan babu rubutun da ya nuna wili da taya duka na tubles ne, kada ka fara. Idan akwai: tef zagaye biyu a cikin wili, bawul mai roba a gindi, ruwan faci mai toshe huda daga ciki mililita 60 kowace taya, sannan iska mai ƙarfi lokaci ɗaya daga injin mai faci don bakin tayar ya hau. Ka bar shi ya kwana biyu ka ga ko yana rage iska. A zafin nan namu ruwan yana bushewa cikin wata biyu zuwa uku.

Abu Sadiq: Tunda an ambaci 622, bari ku ji abin da aka yi wa ƙanina a wannan hanyar. Dutse ya yanke masa gefen tayar baya bayan Bunkure. Ya gara keken har wani shago, mai shagon ya ɗauko taya ya ce ai 28 ce, daidai da tasa. Ashe 28x1½ ce ta tsofaffin kekunan nan irin Phoenix, wadda faɗinta 635 ne. Milimita 13 ne tsakani, taya ta shiga salin alin, aka ba ta iska. Ko kilomita biyu bai yi ba a wata gangara tayar ta fice daga wili, tiyub ya fashe, ya faɗi ta gefen giya. Ƙashin wuyansa ya tsage, wili ya lanƙwashe, ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya ya karye. Wata biyu bai ɗaga hannu ba, aikin da yake ci da iyali ya tsaya. Da aka koma wa mai shagon cewa ya yi shi abin da aka tambaya ya bayar. Ko sannu bai ce ba, wallahi ko sannu.

Baban Ummi: Subhanallah. Allah Ya ƙara masa lafiya. To ke nan in ɗauki taya ma?

Abu Sadiq: Amin. Ɗan ƙarfen nan kuwa har yau ba a samu irinsa ba, kowane keke da nasa. Wani mai walda ya ƙera masa na baƙin ƙarfe, yanzu giya tsalle take a lamba uku da huɗu.

Mai Sifana: Na baƙin ƙarfe haɗari ne. Da gangan ake yin sa da alminiyam mai taushi, don idan an faɗi shi ya karye, jikin keke ya tsira. A cire shi a nemo na asali da hotonsa. Kai kuma Baban Ummi, ba sai ka ɗauki taya ba. Yanko guntun tsohuwar taya kamar tsawon yatsa, idan gefe ya yage ka sa shi ta ciki tsakanin tiyub da yagewar, zai kai ka gida. Tiyub 700 mai dogon bawul ina ba da shi 3,500.

Ɗan Fagge: 3,500 a ina? Satin da ya wuce 6,000 aka ce min a Sabon Gari, ko sisi ba ragi.

Na Kadawa: Ni 4,500 na sani. Amma duk nawa ne, ka haɗa da ɗan kan da ake ɗaura wa siririn bawul, don famfon masu facin ƙauye na bawul ɗin babur ne, ba zai kama naka ba.

Injiniya: A gaskiya maganar tiyub ta wuce. Yawancin masu tseren burji na duniya tubles suke amfani da shi, hudar ƙaya kafin ka tsaya ta toshe kanta, kuma za ka iya rage iska zuwa 35.

Mai Sifana: Yallaɓai, masu tseren nan akwai wuraren da masu taimaka musu ke jiransu a hanya. Wanda ruwan facinsa ya bushe a bayan Rurum wa zai kira? A intanet ka karanta, mu kuma kullum hannunmu cikin tayar yake.

Injiniya: Ko mai tubles ai yana ɗaukar tiyub ɗaya, Malam. Kuma mai sayar da tiyub ba zai ce a daina saye ba.

Bazazzagi: Kanawa ke nan, mutum zai je yawon buɗe ido amma an koma ciniki. Ku zo Kufena ku ga dutse, na Rano ai tsani ake sa wa akuya ta hau.

Baba Na Rano: Kai Bazazzagi ka kiyaye ni. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Yaro, idan ka iso, fara gaida masu gari kafin ka hau kowane dutse ko ka ɗauki hoto, za a haɗa ka da wanda ya san hanya. Tsakanin Rano da Rurum akwai hawa da sauka, ka bar gari da an sallame Asuba, da rigar sanyi. Madatsar Tiga tun 1974 take, ita ke ba Kadawa ruwan da za ka bi gefensa. Ruwan magudanar ba na sha ba ne, ka ɗauki lita biyu da ledar gishiri da sukari ta kemis. Sarƙa kuma kada a zuba mata baƙin mai, ƙurar hunturu za ta manne ta cinye haƙoran giya. Mai kaɗan, ka goge da tsumma.

Baban Ummi: Na gode Baba. Na duba, tayar ba ta da rubutun tubles, amma wilin yana da shi. Ya ke nan?

Ɗan Fagge: Idan ka gaji ka hau mota daga Kura, shirya kuɗin kujera biyu. Haka suke caji yanzu, alhali a but za su cusa keken.

Abu Sadiq: Na ƙanina kuɗin kujera uku aka karɓa, yana riƙe da kafaɗa. Kuma suka kwantar da shi ta gefen giya, suka ɗora buhun shinkafa a kai.

Na Kadawa: Cire tayar gaba da kanka, ka sa sarƙa a babbar giyar baya, gefen sarƙa ya kalli sama, kuma ka tsaya a wurin har a rufe but. Idan ka juya baya yaran mota za su ɗaure shi da igiya ta tsakanin sifok. Kuɗin ma ku daidaita da direba tun kafin a ɗaga keken, don na san inda ake cewa na lodi daban ne bayan mota ta tashi.