Na kai ƙara sau biyu, shi aka ƙara wa girma: kai ƙarar ne kuskure?

Uwar Biyu: Jama'a, ku raba ni gardama da yayata. Wata takwas ke nan shugaban sashenmu yana disga ni a gaban mutane. Ya ɓoye mini sanarwar taro, sannan ya ce ban san aikina ba. Na rubuta ƙorafi har sau biyu, aka kira mu aka ce saɓanin fahimta ne, mu yafi juna. Makon jiya aka ƙara masa girma. Yayata ta ce tun farko ni na tsokano tsuliyar dodo, da na yi shiru da ya fi. Wallahi na fara yarda da ita.

Tsohon Akawu: Gaskiya yayarki ta faɗa miki, 'yata. A aikin ofis na yi furfura. Sashen kula da ma'aikata ba don ke aka kafa shi ba, ma'aikatar yake karewa. Ki haɗiye, ki yi aikinki.

Ɗan Ƙungiya: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi bincike a Suwidin a shekarun 1980, ya ba da ma'auni: in ana maimaita cin fuska aƙalla sau ɗaya a mako har wata shida, zalunci ne da aka shirya. Ita ta kai wata takwas. Ina saɓanin fahimta a nan? Ai ba a cewa mai duka da wanda ake duka su yafi juna alhali sandar na hannu.

Tsohon Akawu: To, masani ya raɗa wa abin suna. Sunan ya hana a ƙara wa mutumin girma?

Mai Bin Diddigi: Bai hana ba, Baba. Amma ka duba shari'ar kamfanin sadarwa na France Télécom a Faransa. Ma'aikata da dama sun kashe kansu a wajajen 2008 da 2009 saboda matsin da aka tsara don su gaji su tafi. Sai a Disamba 2019 kotu a Paris ta sami kamfanin da tsohon shugabansa, Didier Lombard, da laifi. Da me aka kama su? Da wasiƙun ma'aikata, da gargaɗin likitocin wurin aiki, da ƙarar ƙungiyar ma'aikata, duk abubuwan da aka yi biris da su a lokacin. Ƙorafin Uwar Biyu yana nan a fayil. Ranar da wata za ta kawo irinsa, ba za su ce ba su sani ba.

Tsohon Akawu: Shekara goma! Wa ya ce za ta kai nan da lafiyarta?

Anti Nas: Nan kam Baba ya taɓo inda ke ciwo. Ƙanwata, kina barci kuwa? Na ga mutane da yawa da ba cin fuskar ce ta kayar da su ba, jiran ranar da za a hukunta shi ne. Kullum a tashi da shi a kwana da shi. Ki cire ranki daga hukuncin nan, ba ya hannunki. Ki ga likita in barci ya ƙaurace, ki fara neman canjin sashe ko wani aikin tun kina da albashi.

Ɗan Ƙungiya: Amma kada ta daina rubutawa: rana, lokaci, abin da ya ce, wa ke wurin. In ya ba ki umarni da baki, ki tura masa imel ki maimaita. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki, wadda aka amince da ita a 2019, ta tanadi kare mai ƙara daga ramuwar gayya, sai dai tana hawa kan ƙasashen da suka rattaba hannu ne kawai. Ki bincika matsayin dokar ƙasarki.

Uwar Biyu: Anti, ba na barci. Na gode. Ban fasa ganin cewa na jawo wa kaina ba, amma yau zan fara rubutawa.

Tsohon Akawu: Ra'ayina bai canza ba. Sai dai in rubutun za ki yi, kada ki ajiye shi a kwamfutar ofis.