Shin adalci ne a tilasta wa masu binciken Antaktika su saki bayanansu?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. Na lura cewa hukumomin da ke ɗaukar nauyin bincike a Antaktika (nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya) da yankin Aktik (can arewacin duniya) suna gindaya sharaɗin a zuba duk awon da aka yi a rumbun da kowa zai iya shiga. Shin hakan adalci ne ga wanda ya sha sanyi wata da watanni a kan ƙanƙara, idan wani zai sauke aikinsa daga intanet ya riga shi wallafawa?

Mai Rumbu:
Wa alaikumus salam, Malama. Sharaɗin ya daɗe. Yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta ce a sashe na uku za a riƙa musayar sakamakon bincike, a kuma bar shi a buɗe ga kowa. Amma ba a ce a saki komai ranar da aka dawo ba, domin galibi ana ba mai aikin wa'adi, sau da yawa shekara biyu, ya fara rubuta nasa. Rumbuna irin su PANGAEA na Jamus suna ba kowane kundi lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gane shi da ita a intanet, ta yadda duk wanda ya yi amfani da shi zai ambaci mai shi.

Tsohon Ma'auni:
Malama, a ganina abin tsoro shi ne ɓacewar bayanan, ba ƙwace su ba. Masanan Birtaniya sun fara auna iskar ozon, wadda ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, a tashar Halley da ke Antaktika tun shekarun 1950, kuma domin an adana awon a jere bisa tsari ɗaya ne Farman da Gardiner da Shanklin suka iya nuna wa duniya a 1985 cewa ozon na zaizayewa a saman Antaktika. Waɗanda suka fara awon ba su san amfanin da zai yi ba. Haka ƙanƙarar da aka haƙo a Dome C, wani wuri a tsakiyar Antaktika, mai ɗauke da tarihin yanayi na shekara 800,000: ɓangaren da aka narkar ko aka niƙa don bincike ya tafi ke nan, lambobin kaɗai suka rage. Lambobin kuma ba sa amfani sai an rubuta na'urar da aka yi awon da ita, da wuri, da lokaci, da gyaran da aka yi mata. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa ake yawan yi masa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ginshiƙin ƙa'idojin FAIR na 2016, waɗanda ke neman a tsara bayanai ta yadda za a iya gano su, a same su, a haɗa su da wasu, a kuma sake amfani da su.

Mai Nazari:
Ina so a bambanta yankunan biyu. A Aktik akwai al'ummomi irin su Inuwit da Sami, kuma iliminsu game da wuraren farauta ko kiwo bai kamata a baza shi ba tare da izininsu ba. Domin irin wannan ne aka fito da ƙa'idojin CARE a 2019, waɗanda ke ba 'yan asalin yanki iko a kan bayanan da suka shafe su. Sannan tun 2022 haɗin gwiwar bincike da Rasha ya yi rauni, ga shi kuwa ita ke da kaso mafi girma na gaɓar tekun Aktik.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, malamai. Na gamsu da batun wa'adi da ambato. Abin da ya rage mini shi ne, muddin jami'o'i suna ƙirga maƙala wajen ƙarin girma amma ba sa ƙirga kundin bayanai, matashin mai bincike zai ci gaba da ɗaukar tsara bayanai a matsayin aikin da ba lada.