Sanyi ya kankama: yaya kuke kare injin wankin kafet na cikin mota daga daskarewa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, iyayen gida da 'yan uwa a wannan sana'a. Bana ne hunturuna na farko da injin wankin kafet irin wanda ake kafawa a cikin mota. Ba ni da gareji, a waje motar take kwana, ga shi masu hasashen yanayi sun ce daga makon nan sanyin dare zai sauka ƙasa da sifili. Na karanta takardar garanti, ta ce ba ruwansu da ɓarnar da daskarewa ta jawo. Don Allah duk wanda ya taɓa shan hunturu da irin wannan inji ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, da abin da yake yi.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada babban tankin ruwa ya ɗauke maka hankali. Shi ne na ƙarshen daskarewa, domin ruwa mai yawa yakan daɗe kafin ya saki zafinsa. Inda ake yin asara a ƙananan wurare ne: kan famfon matsi (wato wanda ke tura ruwa da ƙarfi), gejin matsi, bawul ɗin sandar wanki (wadda ake fesa ruwa a kan kafet da ita), mahaɗan tagulla na bakin tiyo, da siririn bututun da ke jawo sinadari. Ruwan da ke cikinsu kaɗan ne, kuma ƙarfe ne ya kewaye shi, nan da nan yake kamawa. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, in bai sami wurin kumbura ba ƙarfen zai tsage.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tukunyar da ke zafafa ruwa da zafin hayaƙin salansar inji. Bututun cikinta sirara ne, in suka tsage ba ka gani daga waje. Na taɓa tsayawa a kan motar wani abokin aiki da safe, komai lafiya a ido, sai da rana ta ɗaga ƙanƙarar ta narke muka ga ruwa yana ɗiga, matsi kuma ya ƙi tsayawa. Ribarsa ta wannan hunturun a nan ta tafi.

Ni abin da nake yi, hita ta lantarki mai mai a ciki, wadda ba ta da jan wuta a fili, nake ajiyewa a ƙasa kusa da famfo, tare da 'yar fanka. Fankar ba ƙawa ba ce. Iska mai ɗumi sama take hawa, sai ka taɓa rufin mota ka ji ɗumi alhali daɓen ƙarfen da injin yake zaune a kai ya yi sanyi ƙalau. Na kuma liƙa allon soso a bango da rufi da ƙofofin baya, na toshe ramin da tiyo ke fita. Kafin in yi wannan, hitar kwana take yi tana aiki ba ta hutawa.

Maman Yara:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara abin da ya faru da mu. Ni da maigida muke wannan aiki, mu ma hita muke sa wa. Wani dare dusar ƙanƙara ta narke a kan mahaɗar wayar da muka jawo daga gida, makunnin kariya ya katse wutar. Hita ta mutu muna barci. Abin da ya cece mu, da ikon Allah, shi ne ma'aunin zafi mara waya mai ƙararrawa. Bakinsa ɗaya yana cikin mota, ɗayan yana gefen gado. Na saita shi ya yi ƙara in zafi ya sauka zuwa digiri 5, ba sifili ba, don mutum ya sami lokacin tashi ya sa takalmi ya fita. Ƙanena, in ka saya, a ƙasa za ka ajiye shi kusa da famfo ko kusa da ƙofar baya, kada ka rataye shi a sama ya riƙa gaya maka labari mai daɗi. Kuma ka canza masa batir tun farkon hunturu.

Makanike:
Malam, ni gyaran waɗannan injuna nake yi, saboda haka abin da ya lalace ne yake zuwa hannuna. Mafi yawan waɗanda suke kawo mini fasasshen famfo suna da hita. Wuta ce ta ɗauke, ko fis ya ƙone, ko wani ya zare soket ya manta. Hitar wat 1500 tana jan amfiya 12.5 a wutar bolt 120, kusan amfiya 6.5 a wutar bolt 230. In ka haɗa ta da siririyar waya mai tsawo, ko ka sa ta layi ɗaya da firiji, ko dai fis ya tafi ko wayar ta yi zafi. Waya mai kauri ta waje, layinta ita kaɗai, mahaɗar kuma a ɗage daga ƙasa.

Amma ni ba na kwantar da hankalina a kan hita kaɗai. In dare zai yi tsanani, ko motar za ta yi kwanaki ba aiki, ruwan hana daskarewa za ka zagaya da shi cikin injin. Ga yadda nake yi. Ka rufe ruwan da ke shigowa, ka zubar da na ƙaramin tankin da famfo ke sha daga ciki. Ka zuba maganin a wurin, ka tayar da inji a ƙaramin gudu, ba tare da zafi ba, da matsi kaɗan. Ka haɗa dukkan tiyon wanki, ka danna sanda cikin jarka har sai ka ga launin maganin ya fito sosai, ba ruwa-ruwa ba. Sannan ka tsoma bututun jan sinadari cikin maganin ka bar shi ya ja, domin nan ne mutane suka fi mantawa. Kowace sanda da kowane ƙaramin kan wankin kujera sai an danna shi shi ma. Tankin ƙazamin ruwa ka juye shi tas. Bawul ɗinsa mai ƙwallo ka bar shi rabi a buɗe, domin ruwa yana maƙalewa a gefen ƙwallon ya tsaga jikin bawul ɗin.

Wane magani? Wanda aka yi da furofilin gilaikol, irin wanda ake sa wa bututun ruwan motocin da ake kwana a cikinsu kamar gida, galibi ruwan hoda ne. Na lagireton mota yawanci itilin gilaikol ne, guba ne, kuma yana da zaƙi-zaƙi, kare ko kyanwa suna iya lasa su mutu. Kai kuwa gidajen mutane kake shiga, inda yara suke rarrafe a kan kafet. Ka karanta jikin jarka kuma, domin wasu masu arha akwai barasar itanol a ciki, tana busar da roba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Yaya. To da safe fa? Kullum sai na sayi sabo?

Makanike:
A'a. Da safe ka haɗa ruwa, ka tura maganin ya koma jarkarsa ta bakin tiyo, da ka ga launin ya fara dishewa sai ka janye jarkar. Sauran ka tara a bokiti, ka ci gaba da ɗauraya har ruwa ya fito garau kafin sanda ta taɓa kafet ɗin kowa, domin in ya rage yana barin danƙo mai kama datti. Sai dai kowane zagaye yana ɗan surka maganin da ruwa, ƙarfinsa yana raguwa. Akwai ɗan ma'auni na gwada shi. Kuma lambar da aka rubuta da manyan baƙi a jarka sau da yawa tana nufin sanyin da bututu ba zai fashe ba, ba wai maganin ba zai yi kauri ba. Yakan yi kamar kunu tun kafin a kai wannan lambar, kada ka tayar da famfo a haka.

Direban Asuba:
Duk kun yi maganar dare, ni kuwa da rana sanyi ya taɓa kama ni. Motar ta kwana da ɗumi, na zare hita na kama hanya mai nisa. Hitar gaban mota ba ta kai wa baya, musamman in akwai katanga tsakanin direba da kaya, kuma iskar gudu tana zuƙe zafin daɓen da sauri. Ina isa na tarar bakin tiyon da ke jikin ƙofar baya ya toshe. Tun daga nan sanda da gajerun tiyo a gaba suke tafiya tare da ni, na kuma sa aka ja mini hita ta biyu zuwa baya daga ruwan lagireto.

A wurin aiki ma akwai nasa. Ina fara shigar da tiyon zuƙa, in shirya komai a cikin gida, tiyon ruwa shi ne na ƙarshen fita daga mota kuma na farkon komawa. Ruwa muddin yana tafiya ba ya saurin kamawa, tsayuwa ce take jawo matsala. In zan dakata in matsar da kujeru, nakan riƙa danna sanda cikin bokiti jifa-jifa. Ba na dogara da famfon wajen gidan da aka kira ni aiki, sau da yawa an rufe shi ko ya daskare, da ruwana nake zuwa. Ƙofar mota kuwa dole a bar wa inji hanyar shan iska da fitar hayaƙi, kada tsoron sanyi ya sa ka rufe shi ruf yana aiki.

Ɗan Autan Sana'a:
Ni inda nake ajiye mota babu wutar lantarki kusa. Ina tunanin in kunna ƙaramar hitar gas in rufe ƙofa har safe. Akwai wanda ya gwada?

Tsohon Hannu:
Ɗana, don girman Allah kada ka yi. Harshen wuta a cikin rufaffiyar mota mai man fetur da sinadarai, ba kowa a kusa, hatsari ne babba. Ga iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, da safe kai ne za ka buɗe ƙofa ka sa kai ciki. Gas in ya ƙone kuma yana fitar da tururi, duk motar ta jiƙe, tsatsa ta biyo baya. In babu lantarki, hanya biyu na sani. Ko ka sa ƙwararre ya kafa maka hitar dizal irin wadda take shan iskar ƙonewa daga waje ta kuma fitar da hayaƙinta waje, kamar ta manyan motocin dakon kaya, ka kula da batir domin tana jan wuta. Ko ka riƙa sa maganin da Makanike ya faɗa kowane dare. Wasu kuma suna haya wurin ajiya mai ɗumi na watannin sanyi kawai, in ka lissafa da kuɗin sabon famfo za ka ga ba tsada ba ne. Ko a gareji ne, kada ka taɓa tayar da inji ƙofa a rufe.

Maman Yara:
Wani abu kuma, jarkokin sinadari. Wasu in suka daskare suka narke sai su rabu, ko ka girgiza ba sa komawa daidai. Mu cikin gida muke shigar da su tare da sanduna. Kuma kada ka yarda da hasashen da ya ce digiri 1 ko 2 sama da sifili. Daren da sama ta yi garau ba gajimare, rufin mota yana iya yin sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi.

Makanike:
Wasu suna busa tiyo da iskar kwamfuresa, yana taimakawa, amma ba ya fitar da ruwan da ya kwanta a lungunan famfo da tukunyar zafi, don haka kada ka tsaya a nan.

In kuma ƙaddara ta sa ka tarar ya riga ya daskare, kada ka murɗa makulli don ka gwada. Famfo in ya motsa a kan ƙanƙara zai yage robobinsa, yana iya fasa sandunan tangaran na ciki. Kada kuma ka kawo wutar walda kusa. Ka kai motar wuri mai ɗumi ko ka sa hita da fanka, ka bar shi ya narke a hankali har cikinsa, ko da zai ci maka yini. Bayan nan ka buɗe ruwa ba tare da tayar da inji ba, ka bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya da hannu kana neman ɗiga. Ka duba geji: in allurarsa ba ta koma sifili ba alhali babu matsi, ƙanƙara ta lanƙwasa cikinsa, sai canji. Ka leƙa man famfo, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga. In duk lafiya, ka tayar a ƙaramin matsi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana kallon ƙarƙashin mota.